Yadda Ake Wanke Kulorin Da Danginsa Daga Iskar Masana'anta

Kafin a sayi bututu ko famfo, a fara tabbatar da wace iska ce ake son kamawa. Dangin kulorin, waɗanda ake kira halojin, iri huɗu ake cin karo da su a masana'antu: fulorin, kulorin, buromin da aidin. Kowannensu yana fitowa ta fuska biyu, ko dai tsurarsa kamar Cl2 da Br2, ko kuma haɗe da haidirojin ya zama iskar asid kamar HCl (haidirojin kulorayid) da HF (haidirojin fulorayid). Duk aikin yana rataye a kan wannan bambanci. HCl da HF suna narkewa cikin ruwa nan take, ruwa zalla ma yana kama mafi yawansu. Kulorin tsura kuwa da ƙyar yake narkewa, kimanin giram 7 kacal a lita guda, don haka wanda ya fesa masa ruwa zalla asarar ruwa ya yi. Dole a sa sinadarin da zai cinye shi da zarar ya taɓa ruwan.

Abin da za a auna a bakin bututu: yawan iskar da ke wucewa a awa, zafinta, damshinta, ƙurar da ke cikinta, yawan halojin a lokacin aiki na yau da kullum, da kuma yawansa a lokacin da ya fi tsanani, kamar sa'ad da aka buɗe tukunya ko aka zuba sabon asid a kwamin wanke ƙarfe. Da wannan adadi na ƙarshe ake ƙera na'ura, ba da matsakaici ba. A kuma bincika ko akwai iskar kabon dayoksaid da yawa ko amoniya, domin su biyun suna sauya lissafi gaba ɗaya.

Haɗarin ba ƙarami ba ne. Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta ɗauki ppm 10 na kulorin, wato kashi 10 cikin miliyan na iska, a matsayin abin da ke barazana ga rai nan take, HCl ppm 50, HF ppm 30, buromin kuwa ppm 3 kawai. A Tarayyar Turai, dokar 2010 ta hayaƙin masana'antu ta ƙayyade wa injinan ƙona shara miligiram 10 na HCl da miligiram 1 na HF a kowace kubik mita, a matsakaicin yini. A Najeriya hukumar kare muhalli ta NESREA ce ke kula da wannan fanni, kuma a hannunta za a nemi iyakar da ta shafi masana'antar mutum kafin a zana komai.

Jikin hasumiyar

Na'urar da aka fi amfani da ita doguwar hasumiya ce mai ciko. Iska mai guba tana shiga ta ƙasa tana hawa, ruwan magani yana sauka daga sama, su haɗu a jikin cikon, wato dubban zobban roba da aka zuba don su yawaita wurin da ruwa da iska za su gogu. Daga ƙasa zuwa sama ga abin da ke ciki: tankin ruwan magani, ƙofar shigar iska, ragar da ke ɗauke da ciko, cikon kansa, marabar ruwa, sai tarkon raɓa a can ƙoli wanda ke tare ɗigon da iska ke son ficewa da shi. A waje akwai famfo biyu, ɗaya na aiki ɗaya na jira, da fanka.

A sa fankar bayan hasumiya, ta riƙa zuƙowa maimakon turawa. Ta haka idan bututu ya tsage, iskar waje ce za ta shiga, guba ba za ta fito kan ma'aikata ba. A ɗakin ajiye tukwanen kulorin kuma bakin zuƙa ya kasance kusa da ƙasa, domin kulorin ya ninka iska nauyi sau biyu da rabi, kwanciya yake yi.

Ga lissafi da misali. A ce iskar da za a wanke kubik mita 5,000 ce a awa, tana ɗauke da ppm 500 na kulorin, ana so ta fita da ppm 1. Gudun iska a cikin hasumiya mai ciko yakan kasance tsakanin mita 1.5 zuwa 2.5 a daƙiƙa. Idan aka ɗauki 1.8, ana buƙatar fili na murabba'in mita 0.77, wato hasumiya mai faɗin mita 1. Ruwan da za a riƙa zagayawa da shi kimanin kubik mita 20 a awa ga kowane murabba'in mita, ke nan famfo mai tura kubik mita 16 a awa. Tsawon ciko kuma ana samunsa ne daga yawan matakan kamawa: rage iska da kashi 99 cikin 100 yana cin matakai 4.6, kashi 99.9 yana cin 6.9, daga 500 zuwa 1 kuwa 6.2. Kowane mataki da zobba masu girman milimita 50 yakan ci kusan rabin mita, sai a samu mita 3.1. A ƙara a kai mita 3.5 ko 4, domin ciko ba ya dawwama da tsabtar ranar da aka zuba shi. Kamfanin da ya ƙera zobban shi zai ba da ainihin tsawon mataki na irin nasa.

Girman zobe kada ya wuce kashi ɗaya bisa goma na faɗin hasumiya, in ba haka ba ruwa zai gudu ya bi bango ya bar tsakiya a bushe. Marabar ruwa ita ce aka fi rainawa, alhali ita ke yawan kawo cikas. Ya kamata ta zuba ruwa ta ƙofofi 40 zuwa 100 a kowane murabba'in mita, kamar yadda bakin garwar ban-ruwan lambu ke watsa ruwa daidai wa daida, kuma a kafa ta da ma'aunin daidaito. Idan ta karkata da 'yan milimita kaɗan, gefe guda zai sha ruwa ɗayan ya bushe, iska kuma ta bi busasshen gefen ta fice ba a wanke ta ba, duk da cewa famfo yana aiki lafiya kuma geji bai nuna komai ba.

Kulorin da kostik soda

Maganin kulorin shi ne kostik soda, wadda masu haɗa sabulu suka sani:

Cl2 + 2NaOH → NaCl + NaOCl + H2O

Abin da ke fitowa gishiri ne da ruwan bilic. Kowane kilo na kulorin yana cin kilo 1.13 na soda tsura, yana kuma sakin zafi kimanin kilojul 1,460. Waɗannan lambobi biyu su ne ginshiƙin duk wani lissafi. A misalinmu na sama kulorin da ke shiga kilo 7.25 ne a awa, sodar da zai ci kilo 8.2, zafin kuwa kilowat 3 ne, wanda iskar da ke wucewa za ta kwashe da kanta.

Ƙarfin ruwan da aka saba farawa da shi kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ne. Kada a yi kwaɗayin wuce haka da nufin ya daɗe. Idan soda ta yi kauri da yawa, gishirin da ake samu ba zai sami ruwan narkewa ba, sai ya daskare a jikin ciko da bakunan feshi. Lita 1,000 ta ruwa mai kashi 20 tana ɗauke da kilo 244 na soda, kusan buhu 10 masu kilo 25. Wajen haɗawa soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan ana motsawa, ba a zuba ruwa a kan soda. Narkewar kaɗai tana iya ɗaga zafin ruwan da kusan digiri 60, abin da ya isa ya lanƙwasa tankin PVC, saboda haka a haɗa a tankin da ke jure zafi, a bar shi ya huce kafin a tura. Alminiyam da ƙarfe mai rufin zinki ba sa kusantar wannan ruwa, soda tana cinsu tana fitar da haidirojin mai kamawa da wuta. Masu sayen ruwan soda mai kashi 50 kuma su tuna yana daskarewa a wajen digiri 12, sanyin da daren hunturu ke kaiwa a Kano da Jos da Agadas. A tsarma shi da zarar ya iso, ko a naɗe bututunsa.

Yanzu ga babban haɗarin. Muddin akwai ragowar soda a cikin ruwan, bilic ɗin yana zaune lafiya. Da zarar soda ta ƙare alhali kulorin na ci gaba da shiga, ruwan yana juyawa ya koma asid, bilic ya fara ruɓewa da sauri yana zama kuloret da gishiri, yana fitar da zafi, zafin kuma yana ƙara hanzarta ruɓewar. A wannan hali hasumiya ba ta tsaya ga daina kama sabon kulorin ba, har tana amayar da wani daga wanda ta riga ta kama. Haka ya faru a watan Nuwamba na 2003 a kamfanin DPC Enterprises da ke Glendale a jihar Arizona ta Amurka. Ana amfani da na'urar wankin wajen haɗa bilic na sayarwa, ana barin soda ta sauka ƙasa sosai, ranar da ta ƙare ƙaf kulorin ya yi ta fita na tsawon sa'o'i, aka kwashe mutanen unguwa, wasu suka dangana da asibiti. Hukumar binciken haɗarin sinadarai ta ƙasar ta gano cewa an saba ci gaba da tura kulorin bayan ƙararrawa ta yi kuka.

Abin da ke yaudarar mutane a nan shi ne ma'aunin pH, wanda lambarsa ke hawa idan ruwa na da soda, ta sauka idan ya koma asid. Ruwa mai giram 244 na soda a lita yana nuna pH 14. Idan ta ragu zuwa giram 10 a lita, yana nuna kimanin 13.4. Sai ta koma giram 0.4 kafin ya nuna 12. Ma'ana, kusan dukkan sodar za ta ƙare allurar ba ta motsa sosai ba, kuma lokacin da ta fara faɗuwa saura mintuna kaɗan. Don haka a hasumiyar kulorin mai soda mai ƙarfi ba a dogara da pH shi kaɗai. Ana haɗa shi da ma'aunin ORP mai auna ƙarfin bilic a ruwa, wanda ke hawa yayin da soda ke raguwa bilic ke ƙaruwa, a sa guda biyu don ɗaya ya tsare ɗaya, a kuma ɗaure su da bawul ɗin da ke rufe kulorin kai tsaye. Lambar da za a saita ƙararrawa a kanta ba a aro ta daga wata masana'anta, gwajin hannu ne ke ba da ita.

Gwajin hannun ba wuya. A ɗebi mililita 10 na ruwan tanki, a ɗiga masa haidirojin feroksaid har kumfa ta daina tashi don a kashe bilic ɗin, in ba haka ba zai cinye launin gwaji. A zuba ruwan bariyam kulorayid don ya kwantar da kabonet, a sa ɗigon finolftalin, ruwan ya yi ja-ja. Sai a riƙa ɗiga asid HCl mai ƙarfin mol 1 a lita har launin ya ɓace. Kowace mililita ta asid da aka ci tana nufin giram 4 na soda a lita. A yi wannan a kowane canjin ma'aikata a rubuta a littafi. A hasumiyar aikin yau da kullum, a sauya ruwa ko a ƙara sabo tun ragowar tana kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Kuɗin sodar da za a zubar bai kai a yi ciniki a kansa ba.

Dalilin kwantar da kabonet kafin gwaji shi ne iskar da muke shaƙa ma tana cin soda. A kubik mita 5,000 na iska akwai kusan kilo 3.8 na kabon dayoksaid, kowane kilo da ya shiga ruwan kuma yana cin kilo 1.8 na soda ya mai da ita sodiyam kabonet. Ba duka ke shiga ba, amma hasumiyar da aka bari tana zagaya iska wata da watanni tana iya rasa ƙarfinta ko da ba ta taɓa ganin kulorin ba. Kabonet yana nuna kamar soda a gwaji na gaggawa, alhali kamunsa bai kai nata ba, kuma shi ne farin dutsen da ke toshe ciko.

Zafi ma a sa masa ido. A riƙe ruwan ƙasa da digiri 40. Ruɓewar bilic tana ninkuwa kusan sau 3 da kowane ƙarin digiri 10, kuma ɓurɓushin nikel ko tagulla ko tsatsa yana ƙara ingiza ta, iskar oksijin ta riƙa tashi tana kumfa.

Hasumiyar ko-ta-kwana

Tashoshin tace ruwan sha da ke aiki da manyan tukwanen kulorin masu ɗaukar kusan tan guda suna buƙatar wata irin na'ura dabam, wadda ke zaune shiru sai ranar da tukunya ta fashe. Lita guda ta kulorin tsura mai ruwa-ruwa da ke cikin tukunya tana zama kimanin lita 460 ta iska. Kilo 1,000 yana cin kilo 1,130 na soda, wato lita 4,600 ta ruwa mai kashi 20 idan za a cinye ta ƙaf, abin da ba a yarda da shi ba. Ko an tanadi lita 8,000, zafin da zai fito zai ɗaga ruwan da kimanin digiri 40. A ƙasashe masu sanyi inda ruwan ke farawa daga digiri 15, ana iya jurewa. Inda tanki ke zaune a rana a watan Afrilu yana digiri 35 ko fiye tun kafin komai ya faru, lissafin zai kai digiri 75, wurin da bilic ke ruɓewa roba kuma ke laushi. Wanda ya sayo na'urar da aka zana wa Turai ya sake wannan lissafi da zafin garinsa, sannan ya ƙara yawan ruwa, ko ya sa na'urar sanyaya ruwa ta taitaniyam, ya kuma yi wa tankin rumfa.

Famfo da fanka da na'urar jin warin kulorin duk su kasance a kan layin janareta mai tashi da kansa. A tayar da na'urar duk mako na 'yan mintuna a ga ruwa na zagayawa, a gwada sodar duk wata. Wajen neman inda tukunya ke yoyo, tururin ruwan amoniya ake kusantarwa, farin hayaƙi ya nuna wurin. Ba a zuba ruwa a kan tukunyar da ke yoyo, domin kulorin mai damshi yana cin ƙarfe, ramin ya ƙara faɗi.

HCl

Wannan ya fi sauƙi. Inda yake da yawa, kamar a wuraren wanke ƙarfe kafin a yi masa rufin zinki, a yi hawa biyu: na farko ruwa zalla wanda zai zama asid mai rauni da za a iya mayarwa aiki, na biyu soda mai rauni a pH 8 zuwa 9 don share ragowar. Kilo guda na HCl yana cin kilo 1.1 na soda, narkewarsa kuma tana fitar da zafi kusan kilojul 2,000, don haka hawan farko yakan buƙaci sanyaya. A nan ma'aunin pH yana aiki sosai, shi ke buɗe famfon ƙara soda.

Matsalarsa farin hazo ne. Idan HCl mai yawa ya haɗu da iska mai damshi, yana zama ɗigo ƙanana ƙwarai, ƙasa da maikiron guda, waɗanda ke ratsa ciko da tarkon raɓa na yau da kullum su fito ta bututun hayaƙi. Ƙara soda ba ya maganinsa. Sai matata mai cunkushen zare, ko a rage ƙarfin asid ɗin hawan farko. Idan akwai amoniya a iskar, hazon amoniyam kulorayid ne, kuma sai an raba bututun biyu tun daga tushe.

Hayaƙin injin ƙona shara yana zuwa da HCl da ɗan kulorin da kabon dayoksaid mai ɗimbin yawa, ga zafi. Da farko a sanyaya shi da feshin ruwa zuwa ƙasa da digiri 70, a yi hakan da sauri don kada ya jima tsakanin digiri 200 da 400 inda gubar dayoksin ke haɗuwa. Feshin ya kasance da tankin ruwa na sama mai zubowa da kansa idan wuta ta ɗauke, in ba haka ba hasumiyar roba za ta narke cikin mintuna. Ba a amfani da soda mai ƙarfi a nan, kabon dayoksaid zai cinye ta. Ana riƙe pH tsakanin 8 da 9, a ƙara sodiyam tayosalfet ko sodiyam salfayit su kashe kulorin ɗin. Idan aka bar pH ya faɗi, tayosalfet yana fitar da ƙibiritu mai toshe bututu da iskar salfa dayoksaid.

HF da sauran masu fulorin

Kuskuren da aka fi yi da HF shi ne a ɗauke shi kamar HCl. Sodiyam fulorayid da ake samu idan aka yi amfani da kostik soda ba ya narkewa fiye da giram 40 a lita, kuma ragowar soda tana ƙara rage hakan. Sai ciko ya cika da farin gishiri. Mafita biyu ce: ko a riƙa zubar da ruwa da yawa don gishirin ya tsaya ƙasa da kashi 2 cikin 100, ko a koma ga fotasiyam haidiroksaid, KOH, wanda gishirinsa ke narkewa fiye da haka sau 20. Ya fi tsada, kilo 2.8 yake ci a kowane kilo na HF inda soda ke cin kilo 2, amma ana dawo da shi. A wani tanki dabam a zuba wa ruwan laim, wato kalsiyam haidiroksaid, kalsiyam fulorayid ya kwanta a ƙasa, KOH ya koma hasumiya. Laim ɗin kada ya shiga hasumiyar kanta. Haka ma ruwan rijiyar burtsatse mai yawan kalsiyam, sai an tausasa shi kafin a yi ƙari da shi, kuma wannan ya shafi kowace hasumiya mai soda.

HF yana cin gilashi da duk abin da ke da silika. Ke nan babu cikon tangaran, babu tagar gilashi, hasumiyar faiba kuma sai an yi mata shimfiɗar ciki da zaren roba ko na kabon maimakon zaren gilashi. Ma'aunin pH na gilashi ma ba ya daɗewa idan ruwan ya koma asid.

A masana'antar takin fosfet iskar tana zuwa da SiF4, haɗin silikon da fulorin, wanda da ya taɓa ruwa yake fitar da silika mai kauri da yauƙi. Hasumiya mai ciko ba ta kwana biyu a nan. Ana fara wa da hasumiyar feshi marar ciko ko maƙogwaron benturi, wato bututu mai ƙuntataccen wuya, masu manyan bakunan feshi. Masana'antun narka alminiyam kuwa busasshiyar hanya suke bi: garin alumina yana kama HF, a tare shi a matatar buhu, a mayar da shi tukunyar narkawa. Fulorin tsura, F2, kada a wanke shi da soda mai rauni kamar kashi 2, domin yana haifar da iskar OF2, haɗin oksijin da fulorin, wadda ita ma guba ce mai tsanani. Ana amfani da ruwa mai ƙarfi, galibi KOH, tare da ba shi isasshen lokacin haɗuwa.

Duk inda ake aiki da HF a ajiye man kalsiyam gulukonet mai kashi 2.5 a kusa. Ƙunar HF mai rauni ba ta zafi nan take, sai bayan sa'o'i, alhali yana ratsa fata yana janye kalsiyam na jiki. A wanke da ruwa mai yawa, a shafa man, a tafi asibiti ko da wurin bai nuna komai ba.

Buromin yana bin hanyar kulorin, rabin kilo na soda ga kowane kilo, sai dai abin da yake haifarwa bai da zama kamar bilic, yana saurin komawa buromet. Shi da aidin an fi kama su da soda haɗe da salfayit ko tayosalfet.

Kayan ƙira

PVC yana jure bilic amma iyakarsa wajen digiri 60, CPVC yana kaiwa kusan 90. Faiba mai ƙaron binil esta ita aka fi yin manyan hasumiyoyi da ita. Folifurofilin yana da kyau ga HCl da HF, amma bilic yana sa shi tsagewa a hankali. PVDF yana jure kulorin da asid, soda mai ƙarfi kuwa tana fasa shi. Ƙarfen sitenles ba ya aiki a nan, gishirin kulorayid yana huda shi. Taitaniyam ya fi kowa jure kulorin mai damshi, amma yana kamawa da wuta a cikin busasshen kulorin, HF kuma yana cinsa. A duba har ƙananan kaya, ƙusoshi da robar haɗi da sandar famfo, domin ta nan yoyo ke farawa.

Karanta alamun matsala

A sa geji mai auna bambancin matsin iska tsakanin ƙasan ciko da samansa, a rubuta abin da ya nuna ranar farko. Yakan kasance milimita 20 zuwa 40 na ruwa a kowace mita ta ciko. Idan ya yi ta hawa a hankali cikin makonni, ciko na toshewa da gishiri ko kabonet ko ƙura, kuma a lokacin hunturu ƙurar kaɗai ta isa, don haka matata a gaban hasumiya tana biyan kuɗinta. Idan ya yi tsalle yana rawa, ruwa kuma na fita ta sama, hasumiya ta shaƙe, iska ta fi ƙarfin ruwan da ke sauka, sai a rage fanka. Idan ya faɗi ƙasa da yadda aka saba kuma wari na fita, ko ruwa ya ragu ko ciko ya rushe ya buɗe hanya. Matsin famfo ya hau amma ruwan da ke gudu ya ragu, bakunan feshi ne suka toshe. Saboda haka ma'aunin gudun ruwa ake sawa da ƙararrawa, jin ƙarar famfo ba shaida ba ce.

Wajen wanke dutsen kabonet da asid mai rauni, a zubar da ruwan bilic gaba ɗaya, a ɗauraye sau biyu ko uku, a gwada da takardar sitaci da ayodayid a ga ba ta yi shuɗi ba, sannan asid ya shiga. Asid a kan ragowar bilic kulorin yake fitarwa nan take, a cikin hasumiyar da fankarta take a kashe, mutane kuma na tsaye a bakinta.

Wannan doka ta bi ruwan da ake zubarwa. Kwatarsa kada ta haɗu da ta asid ko ta amoniya a ko'ina. Kafin a sake shi a kashe bilic ɗin a tanki dabam: kilo 1.8 na sodiyam salfayit ga kowane kilo na kulorin da ke ciki, ko kusan rabin kilo na haidirojin feroksaid tsura, a zuba a hankali saboda zafi da kumfa, pH yana sama da 10 har a gama. Sai an tabbatar babu sauran bilic ake sauko da pH zuwa tsakanin 6 da 9. Ruwa mai fulorayid kuma laim yana sauko da shi zuwa wajen miligiram 10 zuwa 20 a lita, wanda har yanzu ya ninka miligiram 1.5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa ruwan sha sau da yawa, don haka yakan buƙaci mataki na biyu da alam ko alumina kafin ya kusanci rafi ko rijiya.

Tabbatar da aikin na'urar a bakin bututun hayaƙi ake yi. Hanyar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta tsara mai lamba 26A tana zuƙo iskar ta cikin kwalabe biyu masu asid mai rauni, waɗanda ke kama HCl da HF su bar kulorin ya wuce, sannan ta cikin biyu masu soda da ke kama kulorin da buromin. A yi gwajin lokacin da masana'anta ke aiki da cikakken ƙarfinta kuma ruwan tanki ya kusa ranar sauyawa, a rubuta gudun ruwa da ragowar soda da matsin iska na wannan sa'a a jikin sakamakon.